Keken Inna da tsatsar damina

Asabar, 14 Disamba 2024

Alhamdulillahi keken ɗinkin ya iso Yamai yau da hantsi. A kar ɗin Tawa aka sako shi, kan daban cikin tsohon bargo, ƙafafun daban an ɗaure su da igiyar roba, na je tasha na karɓa, mai taksi har ya so ya ƙi ɗauka saboda nauyi sai da na ƙara mishi wani abu.

Keken ɗinkin Inna ne, Singer baƙi mai feda, tun kafin a haife ni yake gidanmu, kuma ita ma ba sabo ta saya ba, a hannun wani tsohon tela ta karɓe shi a Ƙonni. Da shi aka ɗinka mana kayan lakwal da na salla, da kuɗinshi aka sayi littattafanmu. Da idonta ya fara rauni sai aka kai shi ɗakin ajiya aka rufe da buhu, to daminar bana kowa ya ga irin ruwan da aka sha, rufin ɗakin ya yi yoyo, ƙasa ta jiƙe, keken ya yi wata uku ko fi tsaye cikin laka ba wanda ya lura sai bayan girbi da aka shiga neman wani abu.

Autarmu ta gama koyon ɗinki nan Yamai, Inna ta ce a ba ta shi, ni kuma na ce ba zan miƙa mata shi a haka ba. Azumi farkon Maris ne in Allah ya kai mu, kuma kowane tela ya san a azumi ake aikin shekara, don haka wata biyu da rabi gare ni, Asabar da Lahadi kawai tunda sauran ranaku ina wurin aiki.

Ƙafafun sun yi ja wur daga ƙasa har kusan rabi, tsatsar ɓawo-ɓawo take tashi in ka sa farce. Feda ta ƙame ko motsi. Tayar hannu da farantin allura sun yi ɗige-ɗige kamar an watsa musu garin barkono. Kan ne ya ba ni ƙarfin gwiwa, ƙura ce da busasshen mai kawai, furannin nan masu ruwan zinari suna nan.

Lahadi, 15 Disamba

Yini guda na yi ina kwancewa. Kowane noti sai na ɗiga mishi kananzir na bar shi ya sha kafin in taɓa, wanda ya ƙi in ɗan ƙwanƙwasa kanshi in sake ɗigawa. Duk abin da zan cire sai na ɗauki hotonshi a waya tukuna, ƙananan kuma cikin gwangwanin tumatir, kowane gwangwani da takardarshi.

Mutum uku suka ba ni shawara yau, kowa da tashi. Mai fentin motoci na layinmu ya ce in kawo mishi gaba ɗaya a feshe shi da yashi a buga mishi fenti da pistole, wato bindigar feshi, kwana biyu ya fito fes. Yaron mai sudur, wato mai walda, ya ce asid ɗin nan da ake wanke karo na daɓen ɗaki da shi, minti goma tsatsa ta tafi. Da la'asar sai na ɗauki kan na kai ma wani dattijo mai gyaran keken ɗinki a Bukoki, ya juya shi ya duba ya ce "ɗana, wannan ai 15 ne, ka ga maɗaurin zare a gefen fuska? kuma ga rubutu ƙirar Birtaniya ce". Irinsu a masana'antar Singer ta Clydebank a Sikotland aka yi su, shi ya sa ake ƙara musu K a ce 15K, K ɗin daga sunan wurin ne, Kilbowie, kuma tun 1980 aka rufe masana'antar. Na ce Baba to mi zan yi ma fentin kan? Ya ce "ƙafa ka yi mata abin da kake so, amma kan nan kada ka kusance shi da komai sai man keke da auduga."

Da na dawo sai na kasa kayan kashi huɗu a kan tabarma, don na gane ba ƙarfe iri ɗaya ba ne kuma ba magani ɗaya zai yi musu ba. Ƙafafu da feda da babbar taya ƙarfen zubi ne, wanda masu sudur ke ce ma font, waɗannan fenti suke so. Masu ƙyalli an shafe su da wani ƙarfe a sama, goga kawai. Notuna baƙin ƙarfe ne tsirara. Sai kan.

Feshin yashi na ƙi shi ne don ƙurarshi, yashin da aka farfasa ya zama gari in ya shiga huhu ba ya fita, cutar silikosis kenan, kuma na ga yadda yaran ke yi da ƙyalle kawai a hanci. Asid ɗin kuma yana cin ƙarfe mai kyau tare da tsatsar, tururinshi ma kaɗai yana sa duk ƙarfen da ke ɗaki ya yi tsatsa.

Laraba, 18 Disamba

Yau hutun ranar Jamhuriya, sai na samu na haɗa abin da na daɗe ina son gwadawa, fidda tsatsa da kuran, wato wutar lantarki.

Da safe na shiga Katako. Wanda bai san Katako ba, can ne ake narka tsohon alminiyon ana zuba tukwane, kana tafe kana jin magagari na cin bakin tukunya ta ko'ina, kuma kusan duk ƙarfen da ka rasa a Yamai can za ka same shi. Na sayi rabin duro na roba da guntayen rodi na gini guda shida da waya, sharjar batirin mota kuma na aro irin na da mai nauyi mai allura, don sababbin nan in ba su ji batiri a jikinsu ba ba su sakin wuta.

Ga yadda abin yake. Ruwa zalla ba ya ɗaukar kuran sosai, sai an narka mishi wani abu, abin da aka saba sa wa shi ne sodar wanki, cokali babba ɗaya a lita huɗu. Ni farar kanwa na sa, don sinadarin da ke cikin sodar nan dangin shi ne ke cikin kanwa, na daka na jiƙa na tace da ƙyalle saboda ƙasa, kuma na ɗan ƙara yawanta tunda ba tatacciya ba ce. Rodin na jera su kewaye da bakin duron daga ciki, na haɗe su da waya ɗaya, jan kan sharjar ya kama su. Ƙafar keken na rataye ta a tsakiya da sanda, baƙin kai ya kama ta a wurin da na kankare har ƙarfe ya fito. Wannan shi ne abin da ba a kuskurewa: baƙi a jikin abin da kake so ka tsabtace, ja a jikin ƙarfen da ka sadaukar. In ka juya su to abinka ne zai cinye. Kuma kada su taɓa juna cikin ruwan.

Ina kunnawa allurar sharjar ta tashi wajen lamba 4, ba a yi minti biyu ba sai ga ƴan kumfa ƙanana suna fitowa daga jikin ƙafar ko'ina, kamar an buɗe lemun kwalba, na tsuguna na daɗe ina kallo wallahi. Kumfar nan iskar haidurojin ce kuma tana kama wuta, shi ya sa a tsakar gida na yi nesa da murhu, na kuma hana mai shayi na ƙofar gida shigowa da garwashinshi. Kada a sa inoks, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, a madadin rodi ko da ya fi daɗewa, akwai kurom cikinshi kuma yana iya sakin guba a ruwan. Gishiri ma kada a ƙara, iskar kulorin yake badawa, ita kanta kanwa ba ta rasa ɗan gishiri, dalili na biyu kenan na yi a sarari.

Duron bai ci ƙafar duka ba, rabi ke shiga, sai an juya.

Alhamis, 19 Disamba

Kuran ya ɗauke cikin dare, ban san awa nawa ya yi ba. Kafin in fita aiki na leƙa, saman ruwan ya yi kumfa ja mai kauri kamar miyar da ta kwana, rodin sun yi kaca-kaca. Na kashe, na kankare su, na mayar na kunna. In rodin suka toshe allura sauka take.

Lahadi, 22 Disamba

Ƙafa biyu da feda da babbar taya duk sun fito. Jan nan ya koma baƙin dauɗa mai laushi, buroshin ƙarfe da ruwa kawai ke fidda shi, tsohon fentin ma ya saki yana zamewa kamar fatar tumatir da aka tafasa. A ƙasa ƙarfe ne toka-toka mai ɗan kaushi, har sunan Singer da ke zube a jikin gindin ya fito harafi-harafi. Inda ke fuskantar rodi ya fi fita, lungunan da suka ɓuya sai da na juya na sake mayarwa.

Abin da ya kamata a sani, wannan hanya tana cire tsatsa amma ba ta maido ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci. Ƙasan ƙafafun inda suka zauna a laka duk ramuka ne ƙanana, haka za su zauna.

Ƙarfen da ya fito daga ruwan nan tsirara yake, kana kallo yana yin ja-ja. A nan sanyin nan ya taimake ni, iska busasshiya ce ƙarau, na ɗauraye na tsane da tsumma na shanya a rana, minti kaɗan ya bushe. Da a watan Agusta ne da sai na bi shi da wuta.

Sai dai na ga abin da ya tayar min da hankali. Ƙafar hagu ta tsage a wurin da sandar tsakiya ke ɗaurewa, tsagar kamar tsawon ɗan yatsa, siririya kamar gashi, tsatsa da fenti ne suka rufe ta. Da pistole aka buga a kai ba mai ganinta sai ranar da ta ɓalle yarinya na tsakar ɗinki.

Asabar, 28 Disamba

Na kai ma mai sudur, maigidan da kanshi ba yaran ba. Rediyo na ta kokowar takobi, kowa kunnenshi na can, amma da ya ga font ne sai ya rage murya ya ce "wannan ba a yi mishi gaggawa". Ya huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya buɗe bakinta da injin gurza, ya ɗora ƙafar a kan garwashi ta yi zafi gaba ɗaya, sannan ya kawo bagetin nikel, wato sandar da ake narkawa a cike tsagar, ya ce na ƙarfe na kullum in ya huce tsagewa yake yi a gefen ɗinkin. Kaɗan-kaɗan yake yi, ya ɗiga ya tsaya ya bubbuga da ƙaramar guduma, ya sake. Da ya gama bai bari ta sha iska ba, cikin toka mai zafi ya binne ta ya ce in dawo gobe. Font ba ya lanƙwasa, karyewa yake, in gefe ɗaya ya huce kafin ɗayan to shi kenan.

Kuɗin bagetin ya fi kuɗin aikin, na biya ban yi ciniki ba.

Lahadi, 5 Janairu 2025

Jiya na gurje wurin sudur ɗin da magagari ya yi daidai da jiki, na bi ƙafafun da buroshi na wanke da esansi, na shafa antiruyi, fentin ƙasa mai hana tsatsa, hannu na farko. A nan na gamu da matsala. Wajen babbar taya da inda feda ke juyawa fentin ya ƙi zama, yana ja da baya yana barin ƴan ramuka zagaye, kamar ka zuba ruwa a kwano mai maiƙo. Shekara nawa Inna na ɗiga mai a wuraren nan, fuskar font kuma mai kaushi ce tana riƙe mai a ƴan ƙofofinta, wanki ɗaya ba ya fidda shi.

Na goge fentin tun bai bushe ba. Yau na shanya su a rana tun ƙarfe goma, suna yin zafi sai ka ga man yana tsatsowa kamar zufa, in goge da diliyan, ruwan nan da ake tsarma fenti da shi, in mayar, sau huɗu na yi haka kafin farin ƙyalle ya fita fari. Sannan na shafa ma ƙasan ƙafafun masu ramuka maganin nan mai asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da sauran tsatsar da ta maƙale ta zama baƙi-baƙi ta daina ci, fenti kuma ya samu abin kamawa. Shi ne asid ɗin da ke cikin Coca-Cola ɗan kaɗan, shi ya sa ake cewa koka na cire tsatsa, gaskiya ne amma ƙarfinshi bai taka kara ya karya ba.

Wani ya tambaye ni mi ya hana in kai a yi musu galba su huta da tsatsa har abada. Galba tsoma ƙarfe ake cikin narkakkiyar tutiya mai zafin wajen digiri 450, tutiyar ce ke cinyewa a madadin ƙarfen ko da an karce shi, shi ya sa kwanon rufi da bokiti ke daɗewa. Aikin masana'anta ne, kuma keken da zai zauna a ɗaki bai buƙatarshi. Fentin nan ma mai kamar garin hoda da ake fesawa a gasa a tanda wajen digiri 180 zuwa 200 ya fi na gwangwani ƙarfi nesa ba kusa ba, amma in ya ɓantare ba ka iya taɓa wurin da buroshi ka gyara a gida. Ni abin da autarmu za ta iya gyarawa da kanta nake so.

Lahadi, 12 Janairu

Raina ya ɓaci yau. Antiruyi hannu biyu ya zauna lafiya cikin sati, jiya da yamma na shafa baƙin fentin mai hannu na farko, ya kwanta sumul yana sheƙi, na bar su ƙarƙashin rumfa. Cikin dare hazo ya sauko, da safe ko gidan da ke tsallaken titi ba a gani sosai, na shafa ƙafar na ji ta kamar samfefa. Ƙura ta zauna cikin ɗanyen fenti ta bushe tare da shi.

Ba abin yi sai jira ya ƙame sannan a gurje. Iskar da ta taimake ni wajen shanya ita ce ta ɓata min wannan. Na share ɗakin da ba kowa ciki, zan yayyafa ruwa a ƙasa kafin in fara, in rataya tsohon gidan sauro a kansu, taga a buɗe kaɗan saboda wari.

In za ku gurje tsohon fenti ku yi da ruwa kuma ku rufe hanci da abin kirki. Jan antiruyi na da, wanda ake ce ma miniyom, da dalma ake haɗa shi, ƙurarshi kuma yara ta fi yi ma illa.

Lahadi, 19 Janairu

Kafin fentin ya ƙame na koma kan masu ƙyalli, wannan aikin ya fi min daɗi, zama ne a inuwa da shayi.

Tayar hannu da farantin allura da murfin ƙoshiya, ƙyallinsu ɗan rawaya-rawaya ne in ka ajiye su kusa da madubin moto, wannan alamar nikel ce, kurom ya fi fari har da ɗan shuɗi. Ko wanne ne shafe ne siriri a kan baƙin ƙarfe, kurom na ado ma kaurinshi ko kashi ɗaya cikin dubu na milimita bai kai ba, nikel ne a ƙarƙashinshi. Ɗigon tsatsar da ake gani ta ƴan hudoji ta ɓullo daga ƙasa ta bazu a sama, don haka samfefa mai kaushi ba ta da wurin zama a nan, za ta cinye shafen ne ta bar ka da ƙarfe tsirara. Takardar alminiyon na dunƙule na tsoma a ruwa na riƙa gogawa a hankali, ta fi nikel laushi ba ta karce shi, ɗigon kuma na fita. Masu taurin kai na bi su da soson ƙarfe mafi laushi da man keke. Tayar ta fito, sai gefe ɗaya da shafen ya riga ya ɓare, can mai kawai zai riƙa tsare shi.

Farantin allura daban ne, bakin ramin ya yi kaushi saboda allurai da suka sha karyewa a kai, kuma wannan shi ke tsinka zare. A nan dole samfefa. Na fara da 400, sai 600, sai 1200, duk da ruwa, lambar na hawa tana ƙara laushi. Kowace lamba sai in canza hanyar gugar, in na farko a tsaye ne na biyu a kwance, ba na wucewa sai layukan na baya sun ɓace duka, in ka tsallake lamba karcen nan zai biyo ka har ƙarshe. Cikin ramin kuma zare mai kauri na shafa ma man goge ƙarfe na zura ina ja.

Daga nan na kai shi ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata wurin maƙeran azurfa. Wani dattijon Buzu na goge kuros ɗin Agadas, abin wuyan nan na azurfa, na gaishe shi na nuna mishi, ya shafa da babban yatsa ido rufe ya ce akwai saura a nan. Ya goga sabulun gogi a jikin tayar ƙyalle tana juyawa, ya kanga farantin a ƙasan tayar ba a sama ba, yana motsa shi ba ya barin shi wuri ɗaya, da ya yi zafi sai ya tsoma a ruwa. Bai fi minti uku ba ya miƙo min ina ganin fuskata ciki. Na ce Baba nawa ne? Ya ce keken uwa ba a karɓar kuɗinshi, in gaishe ta.

Lahadi, 26 Janairu

Fenti hannu na biyu jiya cikin gidan sauro, siriri na shafa, gara hannu uku marasa kauri da ɗaya mai kauri da zai zubo ya yi hawaye. Ya fito tas.

Yau notuna. Kwana ɗaya suka yi cikin binegar, na ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, na bushe su. Fenti ba ya yi musu, turnabis na taɓawa ya ɓare, sai na yi musu irin ta maƙera. Ka riƙe noti da filaya a kan wutar gas kana kallon launinshi, ya fara kamar kara busasshe, ya koma ruwan ƙasa, ya yi shuni, wajen digiri 300 ya zama shuɗi, ka ɗan ƙara kaɗan ka jefa cikin mai. Wasu baƙin man mota suke sawa, ni man gyaɗa na sa saboda hayaƙin wancan ba shi da kyau a ƙirji. Sau uku kowanne, man na ƙonewa a jiki yana zama fata baƙa, daidai yadda tandar masa ke yin baƙi ta daina tsatsa. A gwangwanin ƙarfe ake yi, murfi a kusa ko da man zai kama.

Sifirin da duk abin da ke cikin kan keken ban kai su wuta ba, an riga an ba su taurinsu a masana'anta, zafi zai sa su saki.

Lahadi, 2 Fabrairu

Na yi kuskure kuma ya dame ni. Baba mai gyara ya ce man keke da auduga kawai, haka nake yi tun safe, a hankali dauɗar shekaru na narkewa audugar na fita ruwan ƙasa, baƙin na dawowa da zurfinshi. Sai na zo wani wuri a bayan hannu inda mai ya daskare kamar ƙaro, ya ƙi fita, na ɗiga alkol na likita a auduga na shafa sau ɗaya. Furen da ke wurin nan take ya tashi daga zinari ya koma fari kamar azurfa, gefenshi ya goge.

Baƙin kan nan ba fentin gwangwani ba ne, wani shafe ne mai kwalta da ake gasawa a tanda, furannin a kanshi ake manna su, sannan a rufe da wani siririn banis da ake ce ma shelak, shi kuma shelak alkol ne ke narka shi. Na san haka a karance, hannuna ne ya riga ni.

Na kira Inna na faɗa mata. Ta yi shiru ta ce wane fure, na ce na baya wajen taya, ta ce "wannan ba komai, na gaba fa, inda ya goge?" Na ce yana nan yadda yake. A gaban allura akwai wuri kamar faɗin tafin hannu inda furannin suka shuɗe gaba ɗaya, baƙin ma ya yi laushi yana wani sheƙi daban, da can ina tunanin in nemo masu zane su mayar da furen. Ta ce "kada ka taɓa min wurin nan, hannuna ne da yadin mutane." Ta ce da ta karɓo shi a Ƙonni furen wurin da sauranshi, a hannunta ya ƙare.

Na bar shi. Mai kawai na shafa na goge da tsohon ɗankwali mai laushi.

Lahadi, 9 Fabrairu

Hannu na uku ya hau tun Talata da dare. Ya bushe a taɓawa amma farce na shiga in an danna, fentin mai sai ya yi sati biyu ko fi kafin ya yi tauri har ciki. Ban ɗaura komai ba. Teburin katako na ba kafinta ya canza gefen da ruwa ya kumbura.

Asabar, 22 Fabrairu

Na ɗaura jiya da dare da hotunan nan na waya a gabana. Inda ƙarfe ke juyawa cikin ƙarfe na kankare fentin da ya shiga na sa giris, ƙarƙashin kowace ƙafa na yanka tsohuwar tayar moto na sa don kada ta sake zama kan ƙasa mai laima. Baba mai gyara ya zo da kanshi da safe da sabuwar igiyar fata, ya yanka daidai ya huda ya ɗinke da ɗan ƙarfenta, ya daidaita ƙoshiya, ya ɗiga mai a kowane rami yana ƙirgawa a baki.

Autarmu ta zauna, ta sa ƙafa, feda ta tafi da taɓawa ɗaya. Ƙarar nan ce dai ta gidanmu ta bayan sallar isha'i, na kira Inna na kanga wayar a jikin teburin ta ji, ta ce "a rage mishi gudu, yarinyar nan na taka shi kamar ana korarta." Ta ɗinka layi biyar a ƙyallen atamfa zare bai tsinke ba, kuma na lura hannunta na hagu a daidai wurin nan da ya goge yake sauka.

Saura noti ɗaya na murfin baya da ya ɓace tun Tawa, Baba ya ce zai duba cikin gwangwaninshi. Na zuba sauran baƙin fentin a ƙaramar kwalba na ba ta da ɗan buroshi saboda inda zai ɓantare, na ce gefen tayar da shafenshi ya ɓare ta riƙa shafa mishi mai duk Juma'a. Wurin sudur ɗin da ƙasan ƙafafun zan sake kifa keken in duba su in ruwan farko ya sauka, wajen Yuni.